Kawu da Baƙin Man Kitika

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Kawu, wan mahaifiyarmu, ya riga mu tafiya. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na Tudun Wada, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar.

Waɗanda suka yi masa wanka sun fito suna cewa sun goge babban yatsansa na dama da manuninsa har sau uku, baƙin da ke jikinsu bai fita ba. Liman ya ce su bar shi haka, ba dauɗa ba ce, sana'a ce. Da labarin ya shiga cikin gida, Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita tun tana budurwa ba ta ƙara ganin yatsun nan da haskensu ba, sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe.

Ran sadakar uku wani direba ya iso daga Kiru, bai ji rasuwar ba. Ya shigo layin da 'yar kwalba a hannu, ya ɗebo baƙin mai daga injin motarsa don Kawu ya taɓa ya gaya masa abin da ke ciki. Da ya ga tabarmi da mutane sai ya yi turus. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, kwalbar tana hannunsa ya rasa inda zai ajiye ta. Da zai tashi ya ce, "To yanzu wa zan nuna wa?"

A zaman makokin kowa ya buɗe baki sai ya ce marigayi mai haƙuri ne. Ni kuwa na san Kawu ba shi da haƙuri, kuma in aka ci gaba da yabonsa da halin da ba nasa ba, nan da shekara biyu za a manta wane ne shi. Ni mai sayar da baƙin mai ne da giris da kayan mota a bakin tasha, da garwa ɗaya na fara, kuma abin da na sani game da mai a wurinsa na koya. Akwai kuma ranar da saura kaɗan in kashe injin motar wana, in kashe zumuncinmu tare da shi. Abin da Kawu ya yi a kan wannan shi ne halinsa na gaskiya.

Ya koyi gyaran inji ne a wurin masu haƙar kuza a Riruwai. Bai yi boko ba, amma ya san lambobin da ke jikin garwar mai kamar yadda ya san 'ya'yansa. Lamba talatin tsinkakke ne, arba'in tsaka-tsaki, hamsin kuwa kauri gare shi kamar zuma. Mutanenmu sun ɗauki baƙin mai kamar kunu, wai wanda ya fi kauri shi ya fi ƙosarwa, kowa ya zo sai ya ce a ba shi hamsin. Wannan yana ɓata wa Kawu rai ƙwarai. Yakan ce sabon inji a matse yake, mai kauri ba ya samun hanyar shiga da sanyin safiya, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe kafin man ya iso. Tsohon inji kuwa ya saki, in ka ba shi tsinkakke a zafin bazara zubewa zai yi ta kowace kafa, ba ya tsayawa inda ake bukatarsa.

Na ga ranar da wani attajiri daga Bebeji ya zo da sabuwar mota fil, ya ce a juye masa hamsin, shi ba ya saya wa motarsa abin talakawa. Kawu ya ce talatin za a zuba. Attajirin ya ce, "Malam, motata ce ko taka?" Kawu ya ajiye sifana ya ce, "Taka ce. Kai ta inda za a kashe maka ita, ni hannuna ba zai shiga ba." Ya juya ya ci gaba da cin goronsa. Mutumin ya tsaya yana huci, daga baya ya ce a zuba talatin ɗin. In ka tambayi Kawu wane mai ne ya fi kyau, amsarsa ɗaya ce: "Nuna mini motar."

Motar da ake magana a kanta tsohuwar kitika ce, irin ƙaramar motar nan mai ɗaukar kaya da mutane a baya. Yaya, wato wan nawa, ya sayar da rabonsa na gonar mahaifinmu da shanun nomansa biyu ya saye ta a hannun wani ma'aikacin kuza. Ita ce cinsa, ita ce suturar iyalinsa. Kowane mako yana kai dawa da fasinja Riruwai ta dajin Falgore. Tana ɗan hayaƙi, tana shan mai, amma tana tafiya, domin Kawu yana riƙe da ita da hamsin a bazara, arba'in in sanyi ya shigo, kuma zallan mai, wanda ba a haɗa shi da komai ba.

Shekara uku da suka wuce na je Kano sarin kaya, wakilin kamfanin mai ya nuna mini wani sabon iri. Ya ce an zuba masa magani a ciki, yana wanke inji yana tafiya, ba ya barin dauɗa ta kwanta. Ya kuma gaya mini, ba zan yi masa ƙarya ba, cewa ya fi dacewa da sabon inji ko wanda aka buɗe aka wanke. Na ji rabin farko na maganarsa da kyau, rabin ƙarshe na bar shi a Kano. Na sayo duro guda na lamba talatin mai magani.

Kawu ya tsoma yatsa ya murza, ya shinshina, ya ce, "Sabulu ne a ciki. Kada ka kusanci tsohuwar mota da shi." Direbobi suka ji, duron ya zauna wata guda ba wanda ya taɓa. Na yi tunani irin na ɗan kasuwa: in aka ga kitikar Yaya, wadda kowa ya san tsufanta, tana gudu da sabon mai, magana ta ƙare. Da Kawu ya tafi Bebeji sunan jikansa, na samu Yaya na ce ya kawo in juye masa kyauta. Ya ce, "Kawu ya sani?" Na ce Kawu tsufa ne ke damunsa, duk abin da bai sani ba tun yana saurayi ba ya yarda da shi. Yaya ya yarda da ni. Kwana uku man ya yi baƙi ƙirin, Yaya ya zo da damuwa, na ce ai aikinsa yake yi, dauɗa yake kwasowa. Gaskiya na faɗa, sai dai ban tambayi kaina inda dauɗar za ta je ba.

Kawu ya dawo ranar da za a tafi Riruwai, da sassafe, an riga an ɗaure buhuna, fasinja sun hau, inji yana aiki. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya karkata kai ya saurara.

"Kashe ta," in ji shi.

Ya zaro gejin mai, wato tsinken auna mai, ya murza a yatsunsa, ya kai hanci. Bai dubi Yaya ba, ni ya duba.

"Kwana nawa?"

Na ce, "Shida, Kawu. Kuma ga ta nan lafiya lau."

"Ba za ta je ko'ina ba yau. A sauke kaya, a kwance kaskon mai na ƙasa."

Mutane sun taru, ga direbobin da nake so su saya. Na ɗaga murya na ce, "Haba Kawu, zamani ya canja. Waɗanda suka ƙera motar su suka yi man nan."

"Sun yi shi don motar da suka ƙera bana. Wannan kakarta ce. Dauɗar shekaru ce kwance a cikinta, ka aika mata da mai wanki, ka kuma zaɓi tsinkakke a tsakiyar bazara. Laifi biyu a garwa ɗaya. Kai da hannunka ko tura ka aka yi?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta hana ni ja da baya. Yaya yana tsaye tsakaninmu, ga dawar da ya yi alkawarin kaiwa ranar, ga kwance kasko da zai ci yini guda. Ya ce da ni, "Ka tabbata?" Na ce, "In injin ya buga, ni ne." Ya hau ya zauna a sitiyari.

Kawu ya juya. Ya shiga shagona ba sallama, ya ɗauko garwar hamsin zalla, ya ɗora a baya tare da akwatin kayan aikinsa. Sannan ya ce da ni, "Rufe shagon. Tunda kai ne, shigo ka gani da idonka."

Muka zauna mu uku a gaba, ni a tsakiya. A gaban direba akwai ɗan agogo mai allura da ke nuna ƙarfin da mai yake zagayawa da shi. In allurar tana tsakiya, lafiya. In ta kwanta, ƙarfe yana juyawa a bushe ke nan. Tun daga Tudun Wada idon Kawu bai bar allurar nan ba. Har muka shiga dajin tana kusa da tsakiya, na fara gyara zama, har na ce, "Kawu, ko a sauke ka ka huta?" Ya ci gaba da kallon allurar.

Rana ta take. Muka tsallake wani busasshen rafi, yashi ya riƙe ƙafafun mota, Yaya ya ba ta wuta sosai kafin ta fita. Da muka hau tudu allurar ta yi rawa, ta sauko kaɗan, ta koma. A hawa na biyu ta sauko ba ta koma ba. Yaya ya ce, "Zafi ne. Bari mu kai inda akwai mutane." Allurar ta ƙara sunkuyawa. Kawu ya miƙa hannu ta gabana ya murɗe makulli, motar ta yi shiru a tsakiyar hanya.

Nan fa fasinja suka taso. Babu gari, babu rijiya, ko rugar Fulani babu, sun yi kudu da shanunsu. Wata dattijuwa mai kai kananzir kasuwar Riruwai ta leƙo ta ce, "Malam, ka rasa inda za ka tsayar da mu sai gidan kura?" Kawu ya ce, "Iya, gara ki yini a nan da ki kwana uku a nan. Ara mini daronki."

Sai da muka jira ƙarfen ya huce. Sannan Kawu ya miƙo mini sifana ya nuna ƙarƙashin mota. Na cire rigata na kwanta a ƙasa mai zafi, na tsiyaye man a daro, na bi notunan kaskon ɗaya bayan ɗaya. Da kaskon ya sauko, Kawu ya jawo shi fili. Abin da ke ciki ba mai ba ne, wani baƙin taɓo ne kamar daddawar da aka kwaɓa. A ƙasan inji akwai 'yar rariya da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Ta toshe gaba ɗaya, sai wata 'yar kafa kamar hudar anini. Ta nan injin yake shan abin da ya kawo mu.

Kawu ya kwanta da kansa, da tsufansa, ya shiga ƙarƙashi. Ya kwance murfi ɗaya daga cikin waɗanda ke rungume da karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ya fito da shi ya duba farin ƙarfen da ke ciki a hasken rana. Ya bi shi da farce. Na ga farcen ya ɗan tsaya a wani wuri.

"Ya fara ci," in ji shi.

Yaya ya ce, "Ya mutu ke nan?"

"Ban sani ba tukuna."

Ban taɓa jin Kawu ya ce bai sani ba a kan inji sai ranar. Yaya ya juyo kaina. Ya ce, "Gonar Baba ce ka zuba wa wannan ruwan. Don ka sayar da duronka. Wallahi in injin nan bai tashi ba, kada ka ƙara kirana Yaya, kada ka ƙara taka ƙofar gidana." Babu ƙarya a maganarsa.

Kawu ya ɗebo taɓon nan a tafin hannu ya kai shi har gaban fuskar Yaya. Ya ce, "Duba da kyau. Wannan aikin kwana shida ne? Shekara biyu ina kula da motar nan, na san yana ciki. Na ƙi buɗewa saboda za ta tsaya mako guda ka yi ta yi mini ƙorafi, na yi ta rufe shi da hamsin. Ni na bar shi kwance. Ƙaninka ya tashe shi don son kasuwa. Kai kuma ka tuƙa bayan an ce kada ka tuƙa. In za ka hana mutane shiga gidanka, fara da ni, sannan ka nemi inda kai ma za ka kwana."

Yaya ya kawar da kai. Dattijuwar ta ce, "Ku bar shari'ar sai an je gari. Ga kananzir nan, ku ɗiba, ni dai ku fitar da ni daga dajin nan da rana." Da shi muka wanke rariyar da kaskon har ƙarfe ya fito. Kawu ya yanka kwalin sabulu ya yi abin da zai toshe bakin kasko, na sake kwanciya na ɗaure, yana faɗa mini wane noti zan fara, wane zan bi. Muka yi azahar da taimama. Sannan aka juye hamsin ɗin.

Yaya ya kama hannun tayarwa ya juya. Sau uku kafin ta kama. Duk muka zuba wa allura ido. Tana kwance. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, uku, huɗu, hannun Kawu yana kan makulli zai kashe. Sai ta motsa, ta ɗago a hankali kamar mai ciwon baya, ta je ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan. Kawu ya yanko sanda, ya kafa tsininta a jikin inji, ya ɗora kunne a ɗaya gefen. Ya daɗe. Ya matsa da sandar gaba, ya sake saurara.

"Yana da ɗan tari," in ji shi. "Zai kai mu. Kada ka wuce giya ta biyu a hawa."

Mun shiga Riruwai rana tana shirin faɗuwa.

Injin ya rayu, amma tarin bai bar shi ba. Kowace safiya in Yaya ya tayar da mota ana jin wani ɗan ƙwanƙwasa kafin mai ya hau, kuma kowace safiya yana tuna wanda ya jawo. Bai hana ni shiga gidansa ba, tunda ya yi rantsuwa ne a kan in bai tashi ba. Amma daga gaisuwa babu ƙari. Ya daina sayen ko giris a wurina, yana ba da saƙo a sayo masa mai daga Kano, motarsa tana tsayawa taku ashirin daga shagona. Inna ta yi magana har ta gaji. Kawu bai taɓa sa baki ba, har na ɗauka abin bai dame shi ba.

Sai dai ya riƙa zuwa yana zama a bencin shagona. Da attajirin Bebeji ya sake sayen sabuwar mota, Kawu da kansa ya ce a gwada mata mai maganin tun daga farko. Bayan shekara ya buɗe murfin saman injin, ya tarar da shi fes kamar kwanon da aka wanke. Ya kira direbobi ya nuna musu, ya ce shi ma rabin abin ya sani. Sannan ya ce da ni a gabansu, "Manka ba shi da laifi. Kai ne mai laifi." Daga ranar duro ba ya yin wata biyu a wurina.

Bana da kaka tarin kitikar ya yi yawa, dole aka sauke injin gaba ɗaya. Lokacin ciwon Kawu ya riga ya kama shi. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zauren gidansa, aka baje injin a gabansa, Yaya yana aiki shi yana nunawa da sanda. Aka sa sababbin ringi, wato zobban cikin inji, da sabon farin ƙarfe, aka wanke kowace hanyar mai. Kwana goma sha biyu suka yi. Abin da ya faru ranar da aka mayar da injin, matar Kawu ce ta ji daga bayan ƙofa ta faɗa mini.

Yaya ya kawo garwar hamsin. Kawu ya ce, "Mayar. Injin nan cikinsa sabo ne yanzu, a matse yake, kuma a wanke. Talatin mai magani za a zuba."

Yaya ya ce, "Babu shi a garin nan sai wuri ɗaya."

"Na sani."

"To zan aika Kano."

"Kwana nawa?"

"Uku, ko huɗu."

Kawu ya yi tari mai tsawo, ya ce, "Ni ban san ina da kwana huɗu ba. Ina so in ji shi ya tashi."

Ina cikin auna wa wani giris na ɗaga kai na ga Yaya tsaye a ƙofar shago da galan babu komai a ciki. Bai yi sallama ba, ni ma na kasa cewa sannu da zuwa. Ya ce, "Talatin. Mai magani." Na cika, na goge bakin galan, na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ɗauko mazurari. Kai ka san yadda yake zuba. Taso mu je."

Muka bi layin tare, ni da galan, shi da mazurari. Na zuba, ya juya hannun tayarwa, injin ya tashi a karo na farko, allura ta miƙe tsakiya ta tsaya cak, babu tari. An tallafo Kawu zuwa bakin zaure. Ya saurara idonsa a rufe, ya ce, "Ya isa. Ku kashe, kada ku ƙona fetur." Ranar na ci tuwo a gidan Yaya, a kwano ɗaya. Kawu ya ƙara kwana tara a duniya.

Allah ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa kabari, ya sa faɗan da ya yi mana ya zama cikin ayyukansa na alheri. Allah ya ba Inna da iyalinsa juriyar rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.